Ka Sakar wa Yagana Hannu

Zuwa ga ɗana Modu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hauwa da yara, ya kuma gajiyar ɗaure kaya. Allah Ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi maka zuwa Abuja ya zama alheri. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutanen da za ku tarar a can, masu fara'a da marasa fara'a, ko da yake masu fara'ar na fi jiye maka.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ka san ban yarda da waya ba. Magana ta fita daga bakina a Gashuwa, ta bi iska ta ratsa Jajimaji kafin ta iso kunnenka a Nguru, sannan a ce mini babu wanda ya tsaya ya saurara a hanya? Bayan haka, a waya "to, Iya" kawai kake cewa tun kafin in kai ƙarshen zance, kuma wannan "to" ɗin naka na san shi tun kana yaro. Takarda kuwa dole ka zauna ka karanta. Na soke ta a ƙarƙashin igiyar kwalin kifin da na ba direba ya kawo muku. Ka duba ƙullin igiyar tukuna. In ba irin ƙullina ba ne, an buɗe a hanya, ka gaya mini in san abin da zan yi da direban.

Ranar da na zo muku sallama, Hauwa ta ce mini da zarar kun sauka, kafin hutun makaranta ya ƙare, za ka kai takwarata, mai sunana da muke kira Yagana, da ƙanenta gidan kimiyya na yara, irin wanda babanku, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa kai mu. Na ce mata Allah Ya kai mu, na ci gaba da shan kununa. Amma tun daga lokacin zancen yake cina a rai. Ban sani ba ko gidan da muka je ne, ko wani sabo aka buɗe. Ko wanne ne, na riga ka shiga irinsa da 'ya'ya a hannu, kuma na tafka kurakurai a can da ba na so ka maimaita. Ba gafara nake nema ba, kada ka ɗauka tsufa ya sa na yi laushi. Yagana nake jiye wa.

Kana firamare lokacin, yayarka Falmata ta shiga sakandare. Aka tura su babanku kwas na malaman makaranta a Abuja, ya dawo yana ta zancen wani gida da aka cika da na'urori don yara. Ya ce in an yi dogon hutu sai ya kai mu. Na ce, "Malam, wa ya rasu a Abuja?" Ya ce babu. "Wa ya haihu? Wa yake aure?" Ya ce babu kowa, kallo kawai za mu je. Ka san mu nan ba a kwasar iyali a shiga mota don kallo. Ta'aziyya, biki, asibiti ko fatauci, su ne ke fitar da mutum daga gari. Kunya ta hana ni faɗa wa maƙwabta gaskiya, duk wadda ta tambaya sai in ce, "Akwai dai dalili," in sunkuyar da kai. To a Gashuwa in magidanci ya kwashi iyali ya yi kudu, aka kuma ƙi faɗin dalili, ka san abin da ake kawowa a rai. Kafin mu dawo unguwa ta gama yanke hukunci cewa ciwon ƙodar nan da ya addabi garinmu ne ya kama babanku. Muka tarar da mata suna shigowa da kwanon abinci da fuskar tausayi, wata har da hawayenta. Bawan Allah ya daɗe yana amsa "ya jiki" a masallaci alhali lafiyarsa lau. Saboda haka in an tambaye ka ina za ka kai yara, ka faɗa kai tsaye, babu abin kunya a ciki. Ranar tafiyar ce kawai ba a faɗa wa kowa, a kan wannan ban canza ra'ayi ba.

A bakin ƙofar gidan ma na ɓata mana lokaci. Na tafi da dambun kifi da jarkar ruwan gidanmu, don ban san wanda ya yanka namansu ba, ban kuma san daga ina suke ɗebo ruwa ba. Mai gadi ya ce ba a shiga da abinci, a ajiye a wurinsa. In bar abincin 'ya'yana a hannun mutumin da ban san uwarsa ba? Na ce sai dai mu cinye a nan. Muka zauna a gindin katanga muna cin dambu da hantsi, motoci suna sauke yara suna kallonmu, babanku yana ta duba agogo. Kafin mu shiga rabin yinin ya tafi. Kai ka ciyar da su tun daga gida. Namansu kuwa har yau ban ce ka ci ba.

Bari in gaya maka abin da ya sa na shiga gidan nan da shirin faɗa. Ka tashi ka gan ni ina sayar da bandar kifi, amma ba ka taɓa zama da ni a kasuwa ka ga yadda ake jera shi ba. A kowane kwali akwai kifin da wuta ta ci da yawa, ya bushe ƙarau, ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya karye. Gwaggona da ta koya mini sana'ar ta ce irin wannan ba a ɓoye shi a ƙasa, a baki ake sa shi, daidai inda hannun mai saye zai fara sauka. Sai ki saki fuska ki ce, "Taɓa mana, Hajiya, ɗauki ki duba, taɓawa ai kyauta ce." Ta ɗauka, ya karye a hannunta, shi ke nan ya zama nata ko tana so ko ba ta so, don kowa a kasuwa ya san wanda ya karya shi ya saya. Ba ni na ƙirƙiro ba, na tarar ana yi, kuma daga nan har kasuwar Nguru babu mai kifin da za ta rantse ba ta san zancen ba. Shi ya sa na raine ku da doka guda: in kun shiga wurin mutane, hannu a baya.

To muna shiga sai ga wata yarinya da farar riga, 'yar kudu, da sarƙar gicciye a wuya, ta tare mu da fara'a har kunne. Ta ji ina yi muku magana, sai ta juya harshe zuwa Hausa.

"Mama, sannunku da zuwa. Daga Gashuwa kuke ko Nguru? Na ji bakinku. Ni ma a Nguru aka haife ni, bayan tashar jirgi."

Babanku ya yi ta murna ya ga 'yar gida. Ni kuwa na ce a raina, lallai, har asalinmu an bincika. Ta durƙusa daidai tsayinka ta ce, "Ƙanena, a nan babu 'kada ka taɓa'. Duk abin da ka gani ka taɓa, ka murɗa, ka ja. Taɓawa kyauta ce."

Modu, kalmomin gwaggona ne, ko wasali ba ta canza ba. Na dubi na'urorin nan, gilashi da waya da ƙarfe mai walƙiya, kowace ɗaya ta fi ƙarfin albashin babanku, an kuma jera su daidai tsayin hannun yaro. Na ce yau 'yan kasuwa sun haɗu. Na jawo ku gefe na ce muku da yarenmu, don kada ta ji, "Duk wanda ya taɓa wani abu a gidan nan, ni da shi ne in mun koma masauki." Nan take ka mayar da hannuwanka baya, dama ta riƙe wuyan hagu. Abin da ya kamata in yi ɗan ƙarami ne, in buɗe baki in tambaye ta, in yaro ya lalata abu wa zai biya. Ban tambaya ba, don a ganina na riga na san amsa. Kai ka tambaya tun a ƙofa, da ƙarfi, a gaban shaidu, sannan ka yi aiki da abin da aka gaya maka.

Babanku kuwa ya ba ni kunya ranar. Mutum da furfura a gemu, da hularsa zanna, ya shiga cikin 'yan firamare yana busa kumfar sabulu, yana leƙa madubin da ya mayar da shi gajere kamar tulu yana ƙyalƙyala dariya. Yana kiran ku, kuna kallona, ina girgiza kai. Akwai wata ƙwallon ƙarfe da in yaro ya dafa ta gashinsa ke miƙewa tsaye. Yarinyar ta ce Falmata ta cire ɗankwali ta gwada. Na ce gashin 'yata ba abin kallo ba ne, kuma ban san abin da ƙwallon ke zuƙewa daga jikin mutum ba. Wannan kam har gobe ina kan bakana. Kada a cire wa Yagana ɗankwali a gaban jama'a, kada kuma wani baƙo ya ɗauke ta hoto da wayarsa.

Falmata ba ta da haƙurinka. Da na je alwalar azahar, ta haye wani keke da aka kafe a ƙasa, wanda in an tuƙa shi ƙwayayen fitila ke kamawa. Na dawo na tarar ta tattare zani tana tuƙi kamar an biyo ta, fitilu sun kama reras, babanku yana tafi. Na sauko da ita da kunne, na tsaya ina jira a zo a ce mu biya. Ba wanda ya zo. Na ce wato sai a ƙofar fita za su tare mu, na ƙara matse jakata a hammata.

Daga ƙarshe muka iso inda nake so ka tuna, in ma ka manta. Wani dogon teburi ne mai zurfi kamar kwale-kwale, cike da yashi, ruwa yana gangarowa daga samansa. An yi 'yan gidaje da gonaki na roba, da 'yan ƙananan ƙofofin ƙarfe da ake ɗagawa a saki ruwa ko a tare shi. Yaran da muka tarar 'yan birni ne, ba su taɓa ganin ambaliya ba sai a talabijin. Duk sun tara ruwan wuri guda ya cinye gidajen, suna ihu suna dariya.

Kai kuwa wannan aikinka ne. Duk hutu a Katuzu kake yin sa, kana bin kawunka a fadama yana buɗe wa albasa ruwa fangali bayan fangali. Ko ruwan wanki na zubar a tsakar gida sai ka bi shi da tsinke ka yi masa hanya har waje. Na ga idonka ya tsaya a kan wata ƙofa ta gefe da babu wanda ya kula da ita, bakinka yana motsi. Yarinyar ma ta gani.

"Ƙanena, ka san yadda za a ceci garin nan?"

Ka ce a hankali, "A buɗe waccan, ruwan ya bi ta gona."

"To zo ka buɗe. Zo mana."

Hannunka na dama ya saki na hagu. Na gan shi ya taho har ya kusa bakin teburin. Sai ka juyo ka dube ni. Harara kawai na yi maka, Modu, irin wadda ka sani. Hannun ya koma inda ya fito. Yarinyar ta roƙe ka, babanku ya ce, "Buɗe mana, ni na ce ka buɗe," ka tsaya kamar an dasa ka. Can wani yaro mai ƙiba da ya ji abin da ka faɗa ya miƙa hannu ya ɗaga ƙofar, ruwa ya janye daga gidajen, aka yi masa tafi. Ni a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina duk cikin yaran nan babu mai tarbiyyar ɗana.

A ƙofar fita babu wanda ya tare mu. Yarinyar ta rako mu har waje, ta ce in gaida mata Nguru. Ranar komowa muka kama hanya har muka wuce Kano. Sai wajen Haɗeja babanku ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zara, ba kifi suke sayarwa ba." Na ce, "Kowa da abin da yake sayarwa, Malam, nasu ne dai ban gano ba tukuna." Ya ce an gina wurin ne don a taɓa, abin da ya lalace su ke gyara abinsu. Na ce haka suka gaya maka. Har ya koma ga Allah ba mu daidaita a kan wannan ba, kuma har yau ina ganin akwai wata riba da suke ci wadda ba su faɗa. Sai dai ko mece ce, ba a jikinmu suka ci ta ba. Mu ne muka sha doguwar tafiya muka je muka dawo hannu a baya.

Ban ce daga ranar ne ka canza ba. Ni mai zargi ce, har tunanin kaina ina zargi, wataƙila haka Allah Ya yi ka. Amma hutun da ya biyo baya kawunka ya ce kana zuwa fadama sai ka tsaya a bakin fangali har sai an ce ka yi kaza. Ka daina bin ruwan wanki da tsinke, na ma ji daɗi tsakar gidana ta huta. Ka girma kowa yana yabonka, yaro mai natsuwa, ba ya taɓa kayan kowa, kuma alhamdu lillahi wannan amanar ce ta kai ka inda kake. Amma shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu, samari suna cikin kwata har gwiwa suna fasa masa hanya, na hango ka a bakin ƙofa, ƙato da kai, dama ta riƙe wuyan hagu, kana jira a ba ka umarni. Na tabbata ka fi su sanin inda ya kamata a fasa. Falmata da na ja wa kunne kuwa, ita ke kwance keken ɗinkinta ta mayar, ita ta haɗa mini fitilar sola. Kai ƙwan fitila in ya mutu a gidanka sai Hauwa ta hau kujera. Kada ka ɓata rai, ba ƙararka ta kawo ba, da idona na gani.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da na zo Nguru, muna zaune a tabarma ana ɗaure kwanuka, Yagana ta samu tocilan ɗinka mai caji ta kwance ta da gindin cokali. Ta jera 'yan kusoshin a kan murfin kwano, ta zaro batirin, tana leƙa ciki tana magana ita kaɗai. Ni ina kallonta ta wutsiyar ido, ina so in ga ko za ta iya mayarwa. Ka shigo, ka buge mata hannu.

"Sau nawa zan gaya miki ba a taɓa kayan mutane?"

Muryata ce ta fito daga bakinka. Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta mayar da hannuwanta baya, dama ta riƙe wuyan hagu. Wa ya koya mata wannan tsayuwar? Da yamma na kwance ƙullin alewar da na kawo mata na ce, "Takwara, zo ki zaɓa." Ta zo har gabana, ta miƙo hannu, sai ta tsaya ta juya tana neman idonka. Alewar kakarta fa, Modu. Da wannan a raina na hau motar Gashuwa. Tsoro nake ji. Ina tsoron ka kai yarinyar nan gidan da aka gina don irinta, ka tsaya a bayanta da idona a fuskarka, ta zagaye shi kaf ta fito ba ta taɓa komai ba, kai kuma ka ji daɗi ka ce ta yi tarbiyya.

Saboda haka ka saurare ni. Zargin ka riƙe shi, gado ne, kuma Abuja ba garin da ake shiga da sakin baki ba ne. Amma ka san inda za ka ajiye shi. Ka zargi mai tasi, ka zargi wanda zai ce ka rubuta lambar wayarka don a ba yara kyauta, ka zargi duk wanda ya fiye son ɗaukar ƙaramin. Ka koya wa Yagana cikakken sunanka da sunan unguwar da kuka sauka. In aka shiga ɗakin nan mai duhu da ake nuna taurari a rufi, Hauwa ta riƙe ɗaya ka riƙe ɗaya, jaka a cinya. Ni a ɗakin nan ban ga tauraro ko ɗaya ba, ƙofa nake kallo, sai daga baya babanku ya ce har kaza da 'ya'yanta an nuna. Ku dai ku kalli sama. Amma da an fito fili wurin na'urori, ka sake ta. In ta juyo tana neman idonka, kuma za ta juyo, kada ka tsaya yi mata dogon bayani, ka gyaɗa mata kai kawai. In ka ji hararar nan tana taso maka, ka juya ka kalli bango, ka bar ta da Hauwa. In sun gama a wanke musu hannu da sabulu, don ban san wa ya taɓa kafin su ba.

Yanzu zancen kwali. A ƙasa akwai tarwaɗa da karfasa masu kyau, na miya, ku yi ta ci har ku saba da kifin can mai ƙanƙara. A gefe na naɗe tsohuwar rediyon babanku a zani. Ta daɗe da mutuwa, kuma tun rasuwarsa na hana kowa taɓa ta, har Falmata. Ta Yagana ce. Ka ba ta ita tare da cokali, ta kwance ta har ƙasa, ko ta mayar ko kada ta mayar. A saman kwalin kuwa, a baki, na jera irin kifin nan da wuta ta ci, da hannuna na zaɓe shi, mafi bushewa a cikin kayana. Kada ka ɗauka, kada Hauwa ta ɗauka. Ka kira Yagana ka ce kakarta ta ce ta ɗauka ta duba. Zai karye a hannunta, don haka aka ajiye shi. In ya karye za ta dube ka, kuma abin da za ta gani a fuskarka a lokacin shi ne abin da na aiko wannan takarda in roƙa. Ka ce mata babu mai biya, ta cinye abinta.

Ranar da kuka dawo daga gidan kimiyyar ka ba ta waya, na yarda a saurare mu a hanya, ta gaya mini da bakinta abin da ta taɓa. Kada ka shirya mata amsa, zan gane. In ta ce mini, "Ban taɓa komai ba, Kaka," wallahi zan rufe kwalayena in hau mota, ka san kuma zan iya.

Abu na ƙarshe naka ne. In ka tarar teburin yashin nan yana nan, ko wani irinsa, ka naɗe hannun rigarka. Na san kai babban ma'aikaci ne yanzu, za ka ji kunyar yara, amma babanku da furfurarsa bai ji ba. Ka nemi ƙofar nan ta gefe. Ba sai ka juyo ka dube ni ba, Modu. Buɗe.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Allah Ya raya Yagana da ƙanenta, Ya sa wa hannuwansu albarka. Allah Ya jiƙan babanku, Ya haskaka makwancinsa. Ka gaida Hauwa, ka ce ta adana mini igiyar kwalin, mai kyau ce, kuma zan tambaya.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Zara, daga Gashuwa.